Yadda Ake Farautar Talotalon Daji da Aboki a Bazarar Amurka

Duk wanda ya tashi yana ganin farauta irin ta gida, wadda ake gayya a fita da karnuka da gora da makaɗa, a tashi zomo ko gada a bi da ihu har ƙura ta turnuƙe, ranar farko da aka kai shi dajin talotalo a Amurka zai zaci gadi aka kawo shi. Babu kare, babu kiɗa, babu gudu. Tun da duhun asuba za ka jingina da gindin itace, ka kwaikwayi kukan macen talotalo, ka zauna kamar an dasa ka har namijin ya tako da ƙafarsa ya same ka. Ni a jihar Mizuri na koya, a hannun wani abokin aikina da ya tashi a tuddan Ozak, kuma duk Afrilu tare muke fita. Dokokin da zan ambata na Mizuri ne, kowace jiha da nata, amma halin tsuntsun ɗaya ne.

Bazarar nan ba ta da zafin tamu ta kafin damina. Lokaci ne da hunturu ke janyewa, itatuwa na toho, da asuba sai da rigar sanyi, da hantsi ka tuɓe ta. Lokacin barbarar talotalo ke nan, shi ya sa namijin ke ta kwarara kukan nan nasa mai kama da ana tuttular da ruwa daga tulu, wanda idan iska ta kwanta ana jiyo shi daga nisan mil guda. Da wannan kuka yake sanar da mata inda yake, su kuma su je wurinsa. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk wahalar farautar a nan take: a al'adarsu mace ce ke zuwa, kai kuwa so kake ka sa shi ya karya al'ada ya zo.

Takardu, wata biyu kafin ranar

A farkon shekarun 1950 talotalon da ya rage a duk faɗin Mizuri bai kai 2,500 ba, saboda sare daji da harbi ba ƙaƙƙautawa. Daga 1954 zuwa 1979 hukumar kula da namun daji ta jihar ta riƙa kama na daji da raga tana kai su yankunan da suka ƙare, aka sake buɗe farautar a 1960 na kwana uku kacal. Yau a bazara ɗaya ana ɗaukar sama da 40,000. Da kuɗin lasisi aka yi wannan aiki, da harajin kashi 11 cikin ɗari da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora wa bindigogin farauta da harsashi. Mutanen nan sun ga abin ya kusa ɓacewa sun dawo da shi, don haka ba sa wasa da dokarsa, kai ma kada ka yi.

In an haife ka daga 1 ga Janairu 1967 zuwa sama, sai ka yi kwas ɗin koyon farauta ka samu shaida kafin a sayar maka da izinin talotalo. Ana yin karatun ta intanet. In lokaci ya ƙure, akwai izinin ɗan koyo, wanda ke ba ka dama ka fita muddin kana gefen babban mafarauci mai takardunsa. Ga 'yan'uwa ɗalibai da masu bizar aiki: dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi riƙe bindiga, amma ta keɓe mai lasisin farauta wanda bai ƙare ba. Saboda haka lasisi farko, taɓa bindiga daga baya, ko da ta abokinka ce.

Ana buɗewa ran wata Litinin a tsakiyar Afrilu ko bayanta kaɗan, a yi mako uku. Harbi na halatta daga rabin awa kafin fitowar rana, a dajin gwamnati kuma a tsaya ƙarfe ɗaya na rana. Namiji ake harbi, ko wanda ake ganin gemunsa, wato tukkun gashin da ke rataye a ƙirjinsa, a fili. Ba a zuba hatsi don jawo su, ba a zuwa da kare, ba a kunna kuka daga waya ko na'ura. Wanda zai yi wa wani kira shi ma sai da nasa izinin, ko da ba zai harba ba. Littafin dokar na fita sabo kowace shekara, kuma adadin da aka yarda mutum ya ɗauka kan canja, don haka ku zauna ku biyu ku karanta na bana.

Wurin farauta kuwa, gandun dajin Mark Twain na gwamnatin tarayya ya kai eka miliyan ɗaya da rabi, kowa na da damar shiga. Gonar wani sai da izininsa. In ka ga an shafa wa itatuwa ko turaku fenti ruwan hoda mai duhu irin na fatar gauta baƙi, a dokar Mizuri daidai yake da allon "ba a shiga".

Bindiga

Bindiga mai watsa ƙwayoyi ake amfani da ita, mai lamba 12 ko 20 a ma'aunin faɗin bututunta, a ɗaura mata ɗan bututun nan da ke matse bakinta don ƙwayoyin su tafi a dunƙule. Ƙwayar dalma mai lamba 4, 5 ko 6 ita aka saba da ita. Lamba na ƙaruwa ƙwaya na ƙanƙancewa, kuma jihar ta hana wadda ta fi lamba 4 girma, ta kuma hana bindiga ta ɗauki fiye da harsashi uku.

Kada ka shiga daji da bindigar da ba ka gwada a takarda ba. Ka zana kai da wuyan talotalo a babbar takarda, ka kafa ta a nisan yadi 40, ka zauna a ƙasa ka ɗora bindigar a gwiwa yadda za ka yi a daji, ka toshe kunne, ka harba. Sai ka zana da'ira mai faɗin inci 10 inda ƙwayoyin suka fi taruwa ka ƙirga. Mafarauta na neman kamar 100 a ciki. In bai kai ba, ka matso yadi 30 ka sake, kuma nisan da ya ba ka wannan adadi shi ne iyakarka. Ka duba kuma ko taron ƙwayoyin ya faɗi inda ka auna, don bindigogi da yawa kan karkata sama ko gefe. Harbin da ya wuce iyaka raunata tsuntsu yake yi ya je ya mutu a ƙarƙashin wani kurmi, wannan kuwa zalunci ne da asara.

Koyon kira

Makira iri uku ne suka fi yawa. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa, akwai faifan dutse da ake karta da ɗan tsinke, akwai kuma 'yar fatar roba da ake mannawa a ganɗa a hura. Sabon shiga ya fara da akwati, a yini ɗaya zai kama. Na baki ya fi wuya, amma shi ne ba ya bukatar motsa hannu, kuma ranar da tsuntsu ya tsaya yadi 50 yana leƙe za ka san darajarsa. Akwati na son alli, faifai na son a ɗan goge shi da sanfefa, dukansu kuma ruwa na kashe musu murya, sai a sa su a leda.

Kuka uku sun ishe ka. Na neman juna, "kyauk-kyauk-kyauk" sau biyar zuwa bakwai a jere. Gajeren "tuk" guda ɗaya ko biyu, na kaza mai kiwo hankali kwance. Sai gurnani mai taushi, "kurrr". Ka nemi faifan matan talotalo na gaske ka saurara, ka lura da tazarar da ke tsakanin sautukan, don ita ta fi zaƙin murya muhimmanci. Na sha jin mace ta gaske da muryarta ta fi ta kowane ɗan koyo muni, namiji kuma ya bi ta.

Sutura da kaska

Talotalo ba ya jin wari sosai, amma idonsa da kunnensa babu kama. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan kewayensa duka, yana rarrabe launi, kuma ƙiftawar motsi ba ta wuce shi. Ka rufe jiki da kaya masu launin daji har safar hannu da abin rufe fuska. Launi uku haramun ne a jikinka: ja, fari da shuɗi. Su ne launin kan namijin, kuma wani mafarauci da ya hango ɗigon ja a cikin ganye yana iya zaton abin da yake nema ne. Ka duba har safa da wuyan singileti da hankici. Ka riƙe matashin zama mai kauri, domin wanda gindinsa ya yi tsami dole ya motsa.

Kaska kuwa ta fi maciji ba ni tsoro a wannan daji. Akwai wata mai farin ɗigo a baya wadda cizonta kan jawo ciwon da ake kira alfa-gal, jiki ya daina karɓar naman sa da rago da akuya. Wanda ya san tsire da kilishi da naman layya ya san girman wannan rashi. Kwana biyu kafin tafiya ka fesa wa kayanka maganin fametirin, irin na kamfanin Sawyer, ka shanya a waje su bushe. A tufa ake fesawa, ba a fata ba, kuma a nisanta kyanwa da shi kafin ya bushe. Ka cusa ƙafar wando cikin safa. Kowane dare ka duba jikinka, in ka ga ta kama ka cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a miƙe, ba tare da murɗawa ba.

Leƙen daji da kwantar da tsuntsu

Ku isa kwana ɗaya kafin ranar. Ku bi tsoffin hanyoyin masu katako da bakin fadamu kuna duba ƙasa. Inda suka yi tono za ka ga an share busasshen ganye kamar da tsintsiya. Sawun namiji babba ya kai inci huɗu. Kashinsa dogo ne mai lanƙwasa kamar ƙugiya, na mace a murɗe yake kamar dodon koɗi. In ka ga layuka biyu siraru a ƙura a gefen sawu, nan ya ja fikafikai yana taƙama, kuma wuri ne da yake komawa.

Talotalo a kan itace yake kwana. Gab da magariba ku hau tudu ku yi shiru. Sau da yawa za ku ji fafar fikafikai yana hawa, wani lokacin ya yi kuka sau ɗaya ko biyu kafin duhu. In shiru ya yi yawa, ɗayanku ya yi kukan mujiya. A wannan lokaci na shekara namijin a tsume yake, ƙarar mujiya ko hankaka ko tsawa kan sa ya amsa ba shiri. Kada ku yi kukan mace da yamma, kada kuma ku matsa. Ku sa alama a taswirar waya, wadda kun riga kun sauke tun a gari saboda babu sabis a kwaruruka, ku lura da hanyar da za ku bi cikin duhu, ku koma.

Maganar da za ku gama tun da dare

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. Da zarar kun zauna a gindin itace, magana ta ƙare. Duk abin da ba ku yanke da dare ba, da asuba zai zama ruɗani, ruɗani kuma da bindiga a hannu ba abin wasa ba ne.

Ku yanke wa zai harba. Mu ƙa'idarmu mai sauƙi ce: yau ɗaya na harbi ɗaya na kira, gobe a juya. Mai kira ya bar bindigarsa babu harsashi, ko ma ya bar ta a mota. Abota da yawa ta yi tsami a kan tsuntsu ɗaya da mutum biyu suka ɗaga wa bindiga.

Ku yanke yadda za ku zauna. In ɗayanku sabo ne, itace ɗaya za ku jingina, kafaɗa da kafaɗa, yadda raɗa za ta isa kunne. Akwai wata dabara da mai kira ke komawa baya da yadi 20 ko 30, don tsuntsun ya zaci macen na nesa ya wuce ta gaban mai harbi. Tana aiki ƙwarai, amma ban yarda a yi ta ba sai mutanen da suka yi shekaru tare, kuma da sharaɗin mai harbi ya ga inda ɗan'uwansa ya zauna da idonsa, shi kuma kada ya gusa ko taku ɗaya sai an kira sunansa da murya.

Ku yanke iyakar da bakin bindiga zai juya, daga wane itace zuwa wane. Tsuntsun da ya ɓullo ta bayan wannan iyaka ya tsira, shi ke nan. Ku yanke alamu: taɓa gwiwa sau ɗaya na nufin na gan shi, sau biyu na nufin kada ka motsa, kada ka harba. Ku yanke cewa ba a tsallake shingen waya ko rafi da harsashi a cikin bindiga. Ku san inda makullin mota yake, kuma wani a gida ya san dajin da kuka shiga da lokacin da za ku fito.

Asuba

Rana kan fito tsakanin shida da shida da rabi a wannan lokaci, don haka tashi ƙarfe uku da rabi ne. Ni a gefen mota nake sallar asuba da zarar alfijir ya keto, abokina na jira da kofinsa na shayi, sannan mu shiga. A rufe ƙofar mota a hankali. A yi tafiya da 'yar fitila a dunƙule cikin hannu, a kashe ta tun da nisa.

Ku tsaya kamar yadi 100 zuwa 150 daga inda ya kwana. In ganye bai cika ba ku ƙara nisa, don daga sama yake kallo. Ku zauna daidai da shi ko sama da shi a kan tudu, domin ya fi son haurowa kan gangarowa, kuma kada ku bar rafi ko shingen waya ko sarƙaƙiya tsakaninku. Tsuntsun da ke iya tashi ya ƙetare kwari sai ka ga ya tsaya a bakin ɗan rafi yana kai da komo awa guda.

Ka zaɓi itacen da ya fi kafaɗunka faɗi ya kuma fi kanka tsawo, shi ne garkuwarka daga wanda zai ɓullo ta baya. Ka share ganyen da ke ƙarƙashinka. In da dama kake harbi, ka sa kafaɗar hagu ta fuskanci inda kake zaton zai fito, saboda bindiga ta fi saurin juyawa hagu. Ka ɗaga gwiwa ka ɗora ta. Ka zaɓi wani kututture ko dutse da ke iyakar nisanka ka riƙe shi a rai. In kuna da macen roba ta yaudara, a kafa ta yadi 15 zuwa 20. A dajin gwamnati ba na kafa mai siffar namiji ko kaɗan.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwa. Mun san dabarar mafarautanmu ta ɗaura kan burtu a goshi a yi rarrafe har a isa ga nama. A nan ma wasu na ɓuya a bayan buɗaɗɗiyar jelar talotalo su yi rarrafe. Kada ka yi. A dajin da wasu ke zaune da bindiga suna jiran ganin wannan jela, mayar da kanka abin harbi ne, kuma wasu jihohi sun hana. Haka nan kada ka yi sanɗa zuwa ga kuka, don mai kukan na iya zama mutum.

Ka bari ƙananan tsuntsaye su fara, ka bari shi ma ya yi kukansa na farko. Sannan mai kira ya yi "kyauk" uku ko huɗu a hankali, kamar mai magagin barci. In ya amsa, ya ji, ya kuma san gindin itacen da kuke. Sai a yi shiru. Yawan kira yana kan reshe sa shi yake ya zauna can yana jiran macen ta ɓullo. Da gari ya waye sosai, mai kira ya kaɗa hularsa a cinya da sauri kamar fikafikan mai sauka, ya ƙara kira kaɗan, ya ɗan tona ganye da hannu.

In ya yi shiru

Shekarata ta biyu, wani babba ya yi ta amsa mana har ya sauko, ya yi kuka sau biyu a ƙasa, sai ɗif. Minti goma, minti ashirin. Ƙafata ta mutu, na yanke a raina ya bi mata ya tafi. Abokina ya taɓa gwiwata sau biyu, amma na riga na fara miƙewa. Sai na ji "fut!" mai kaifi daga hagu, na ga jan kai a bayan wani faɗaɗɗen itace bai fi yadi 30 ba, ya juya ya bi gangare. Abokina bai yi faɗa ba. Da muka koma mota ya ce mini shirun nan sau da yawa tafiya ce, yana zuwa yana dubawa. Tun daga ranar, in na ji zuciyata ta ce a tashi, sai na duba agogo na ƙara rabin awa.

Ka kasa kunne ga takun ganye mai kama da na mutum, da wani sauti mai zurfi, "tss-dummm", da yake yi idan yana taƙama. Wannan ba a jin sa sai yana kusa. Ido kaɗai za ka juya. Sauro ya sauka a hancinka, ka bar shi.

Harbi da yanka

Kada ka harbi launi, ko motsi, ko sauti. Sai ka ga tsuntsun duka, ka ga gemun da ke rataye a ƙirjinsa. Na babba kan kai inci tara ko goma, jikinsa baƙi mai sheƙi, jelarsa in ya buɗe a daidaice take kamar mafici. Saurayi ɗan shekara ɗaya gemunsa gajere ne, gashin tsakiyar jelarsa ya ɗara sauran tsawo. Doka ta halatta shi, kuma ga na farkonka babu abin kunya. Ka duba abin da ke bayansa, kada a samu mace ko wani tsuntsu a layi.

In kana bukatar gyara bindiga, ka jira kansa ya shiga bayan itace, ko ya juya maka baya jelarsa ta rufe masa ido. Kada ka harbe shi yana cikin taƙama, kai a noƙe. Mai kira ya yi "tuk" ɗaya mai ƙarfi, zai miƙe wuya. Ka manna kunci a gindin bindiga, don ɗaga kai a leƙa shi ke sa harbi ya wuce ta sama. Ka auna inda jan naman wuya ya haɗu da gashi, ka ce Bismillahi Allahu Akbar a hankali, ka ja kunama.

Ka mayar da makullin da ke hana bindiga tashi, ka tashi da sauri bakinta na kallon ƙasa, ka taka wuyansa. Ka yi hattara da ƙaimin ƙafarsa, wanda kan kai inci guda ko fiye, da dukan fikafikai. Tsuntsu ne mai kilo takwas zuwa goma sha ɗaya. Hadisin Adiyyu bn Hatim ya nuna cewa abin farautar da makami ya huda, an ambaci sunan Allah, ana ci, kuma a kan haka malamai da yawa suka halatta na bindiga. In ka same shi da sauran rai, yanka ya wajaba, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a aljihun da hannu zai kai nan take. Ka yanka kada ka cire kan, saboda doka na son kai da gashi su kasance a jiki har ka yi rajista.

Nan take ka soke izininka, wato ka sa masa alamar cewa ka yi amfani da shi, a takarda ko a manhajar MO Hunting, sannan ka yi rajistar tsuntsun ta Telecheck, tsarin kai rahoto na jihar, kafin ƙarfe goma na daren ranar. Wajen fitowa ka naɗe tsuntsun cikin jaka ko kyalle ruwan lemo mai haske. Kada ka saɓa shi a kafaɗa kai na reto. In ka hango wani mafarauci na nufo ku a kowane lokaci, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi kira da makiri. Ka yi masa magana da ƙarfi da Turanci ba tare da ka motsa ba.

In asuba ba ta bayar ba

Sau da yawa zai sauko ya tarar da mata na gaske ya bi su. Kada ku tafi karin kumallo. Mace kan yi ƙwai ɗaya a rana har goma ko goma sha biyu kafin ta kwanta musu kwana 28, saboda haka da hantsi sukan sulale zuwa sheƙa su bar shi shi kaɗai. Wajen tara zuwa sha ɗaya ku bi kan tudu a hankali, kowane yadi 200 ku tsaya kusa da itacen da za a iya jingina, a yi kukan hankaka, in babu amsa a yi na mace. Wanda ya amsa a wannan lokaci da wuya bai zo ba, kuma da sauri yake zuwa, don haka ku zauna nan take.

Nama

In rana ta yi zafi ka fitar da kayan ciki da wuri, ka sa ƙanƙara a leda cikin ramin. Bayan rajista, ka feɗe fatar ƙirji ka zare tsokoki biyun, ka ciro cinyoyi, kada ka manta da ƙundu da zuciya da hanta. Mafarauta da yawa na yar da ƙafafu wai sun yi tauri, abin da ke ba ni takaici. Naman tsuntsun da ya yi rayuwarsa yana gudu ne, kamar zabo, dahuwa yake so. Ka sa su a tukunya da citta da kanumfari da masoro da albasa da attaruhu, wuta ƙasa-ƙasa awa uku zuwa huɗu, ka zare jijiyoyin nan masu kama da tsinke, ka samu farfesun da ba ka samu a kanti. Ƙirjin ba shi da kitse, saurin bushewa gare shi: ka yanka fale-fale, ka laluba da yatsa ka fitar da ƙwayar harsashi, ka shafa mai da garin ƙuli da yaji, ka gasa har cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyos ka sauke. Mu rabi-rabi muke yi ko wa ya harba, in kuma a gonar wani aka yi farautar, ana fara cire nasa a kai masa har ƙofar gida kafin mu kama hanya.